Sikelin Mai Fiza da Buhun Mai Albasa

Albasar da ake nomawa a fadamun gabashin Sakkwato takan yi doguwar tafiya kafin ta shiga bakin mai ci. Daga gonakin Kwargaba da sauran ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, takan bi ta hannun dillali zuwa kasuwa irin ta Achida, a loda ta a babbar mota, ta yi kwanaki a hanya, ta sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas ko wata kasuwar kudu. A can masu gidajen abinci suke sayenta, har da masu gasa fiza, wato gurasar nan ta Italiya da ake shafa wa tumatir, a barbaɗa cuku da nama da albasa, sannan a sa a tanda. A ƙarshen wannan tafiya, yaron kicin yakan yanka albasar, ya ɗora a sikeli, ya ƙidaya ta giram-giram. A farkonta kuwa, inda manomi ya yi wata uku ko huɗu yana ban ruwa cikin sanyin hunturu, babu wanda ya auna ta. An cika buhu, an ɗinke, an yi ciniki, an wuce.

Ra'ayina shi ne wannan bambanci yana cutar manomi, kuma lokaci ya yi da za a riƙa sayar da albasa da tafarnuwa da sauran kayan lambu bisa nauyi tun daga bakin gona. Amma akwai sharaɗi, wanda in babu shi gara a bar buhun yadda yake: sikelin ya zama na jama'a, kowa na iya ganin fuskarsa, kowa na iya gwada gaskiyarsa. Domin a fahimci dalili, ya kamata mu fara leƙa kicin ɗin mai fiza, mu ga abin da ya sa shi, da yake ma'amala da 'yan giram kaɗan, bai yarda da idonsa ba.

Dalilin mai fiza

A gidajen fiza masu tsari, aikin yana tafiya kamar haka. Akan auna curin kwaɓin fulawa tun kafin a murza shi. Idan an shimfiɗa shi a faranti, sai a ɗora farantin a sikeli, a danna maɓallin da ke mayar da lissafi sifili, domin kada nauyin faranti da na kwaɓin su shiga ciki. A zuba miyar tumatir har sikeli ya nuna adadin da aka ƙayyade, a sake mayar da shi sifili, a zuba cuku, a sake, a zuba albasa ko nama. A bango akwai takardar da ta nuna giram nawa kowane abu zai ci a ƙaramar fiza, nawa a matsakaiciya, nawa a babba.

A birnin Nafoli na Italiya, mahaifar wannan abinci, al'amarin ya kai ga rubutacciyar ƙa'ida. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar kare fiza ta asali, kuma a 2010 Tarayyar Turai ta yi wa fizar Nafoli rajista a matsayin abincin gargajiya mai ƙayyadaddun siffofi. A wannan rajista an rubuta cewa curin kwaɓin zai kasance tsakanin giram 180 da 250, faɗin fizar kada ya wuce santimita 35, cukun mozarela a nau'in da ake kira Margarita ya kasance giram 80 zuwa 100, sannan gashin ya ɗauki daƙiƙa 60 zuwa 90. Waɗannan mutane ne da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, har hukumar UNESCO ta sa gwanintarsu cikin jerin al'adun duniya a 2017. Duk da haka ba su ga wani ƙasƙanci ba a rubuta lambobi.

Dalilin farko na awon shi ne kuɗi. Cuku ne ya fi komai tsada a kan fiza. A ɗauka, don misali kawai, hannun ma'aikaci yana zarce ƙa'ida da giram 10 a kowace fiza, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Idan gidan yana sayar da 200 a rana, kilo 2 ke nan ya tafi kullum, kilo 60 a wata. Mai gida zai ga ciniki yana tafiya, ya ga riba ba ta zuwa, ya rasa inda tulun yake yoyo.

Dalili na biyu shi ne mai saye. Ma'aikacin da hannunsa ke zarcewa yau, gobe yana iya gazawa, musamman idan maigida ya yi masa faɗa a kan ɓarna. Mutum biyu su biya kuɗi ɗaya, ɗaya ya samu fiza shaƙe da cuku, ɗaya ya samu gurasa kusan gaya. Sikeli yana hana zarcewa kamar yadda yake hana tauyewa, don haka alƙawari ne ga mai saye cewa abin da ya ci jiya shi zai ci yau.

Dalili na uku shi ne ingancin abincin kansa. Albasa da tumatir da tattasai ruwa ne ya fi yawa a jikinsu. Ita albasa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Idan aka cika su a kan kwaɓi, sai su saki ruwa a tanda, tsakiyar fizar ta jiƙe ta ƙi gasuwa. Mai gurasa a Kano ya san irin wannan: bandashen da aka cika wa ruwa da mai yakan lalace ya zama taɓo.

Akwai wani abu na huɗu da ba a cika faɗa ba. Sikeli yana kare ma'aikaci. Idan kaya suka ƙare kafin lokaci a kicin da ba a awo, yaron da ya fi kowa rauni shi ake zargi da sata. Inda ake awo kuwa, akwai lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, zargi ba ya samun wurin zama sai da hujja.

Ido ya san kima, amma idon wa?

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya tsaya gaban mai tsire yana yankan nama, ko mai waina tana ɗiban ƙullu da ludayi, ya san cewa hannu yana iya koyon awo har ya kusa kai sikeli. Sai dai karin maganar da kanta ta amsa cewa ido ba mudu ba ne. Kimar da ido ya sani tana amfanar mai idon da ya fi gogewa. Dillalin da ke ɗaga buhu ɗari a rana ya fi manomin da ke sayarwa sau biyu ko uku a shekara sanin nauyin abin da ke gabansu. Idan biyun suka tsaya ciniki da ido, ba a fara daidai ba.

Mudu da kwano da tiya sun rage wannan matsala a cinikin hatsi, amma ba su kawar da ita ba, domin girma suke aunawa, nauyi kuwa ba ruwansu da shi. Kowa ya san kwanon da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da wanda aka dadage bakinsa, da bambancin awo mai tozo da awon shafe, da hannun ma'auni da ke tare tozon lokacin saye ya janye lokacin sayarwa. Kowa ya san kwanon wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Wannan ita ce matsalar da ta sa masu fiza da dama suka bar awon cuku da kofi: cukun da aka gurza, idan aka zuba shi sakwa-sakwa nauyinsa daban, idan aka danna shi daban, alhali kofin ɗaya ne.

Buhun albasa ya fi kwano muni a wannan fuska. Buhu yana miƙewa. Ana iya girgiza shi, a danna, a ƙara, sannan a ɗinka masa wani ƙyalle a sama a cika shi ya yi tozo kamar hula. Sunansa dai buhu ɗaya, kuɗinsa na buhu ɗaya. A sake ɗaukar misali: idan buhun da manomi ke tsammani kilo 100 ne, amma wanda aka cika ya kai 120, to a duk buhu biyar da ya sayar ya ba da ɗaya kyauta. Wanda ya sayar da buhu hamsin ya yi asarar goma bai sani ba. Can kuma a kudu, inda za a zazzage buhun a kasa shi kwando-kwando ko a auna da kilo, wannan ƙarin yana komawa kuɗi a aljihun wani.

Abin lura shi ne duk abin da manomin nan ke saya aune yake zuwa masa. Takin zamani buhunsa kilo 50 ne, an rubuta a jiki. Siminti haka. Man da yake zuba wa injin ban ruwa da lita ake sayar masa. Maganin feshi da lita ko giram. Ruwan da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, take saki zuwa fadamu, injiniyoyi suna lissafinsa da mita. Abu ɗaya ne kawai a cikin harkar ba shi da tsayayyen awo, shi ne amfanin da manomi ya noma da guminsa.

Tsoron sikeli yana da tushe

Mai karatu zai ce, in haka ne, me ya hana manoma neman sikeli da kansu? Amsar tana cikin tarihi, kuma ba ta cancanci raini ba. Sikeli bai shigo karkarar ƙasar Hausa a matsayin abokin manomi ba. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da wakilansu suka kafa wuraren saye, haka ma a kasuwannin auduga. Daga baya hukumomin sayen amfanin gona suka karɓi ragamar, har aka kafa ta Jihar Arewa a 1954, kuma tsarin bai rushe ba sai 1986. A duk tsawon wannan zamani, sikelin na mai saye ne, malamin awo yaronsa ne, lambobin da harshen da manomi bai karanta ba aka rubuta su, farashin kuma daga sama aka yanko shi. Manomi yana tsaye ana faɗa masa nauyin kayansa, ba shi da hanyar musantawa. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka gwammace kwanon da suke gani da idonsu a kan allurar da wani ke karanta musu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne sikeli a hannun ɓangare ɗaya makami ne. A kicin ɗin fiza awo yana aiki saboda fuskar sikelin tana gaban wanda ke zuba kayan, ƙa'idar tana manne a bango, kuma babu mai cin ribar ƙaryar sikelin. Idan za a kawo awo Achida ko Goronyo, sai an kawo shi da waɗannan sharuɗɗa.

Kada kuma a ɗauka awo baƙon abu ne da Turawa suka zo da shi. Fataken da suka yi cinikin zinariya tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja da Arewacin Afirka da miskali suke awo. Zakkar fid da kai da sa'i ake fitar da ita, sa'i kuma mudu huɗu ne na Annabi, kuma malamai sun daɗe suna kiyaye girman wannan mudu. Sura ta 83 a Alƙur'ani sunanta ma daga masu tauye awo aka samo shi. A tsarin kasuwa na Musulunci, duba mudu da sikeli yana cikin manyan ayyukan muhtasibi. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinsa har ya rasu a 1837, gari ne na daular da malamanta suka yi rubutu a kan adalcin kasuwa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar kowa ya koya musu cewa tauye awo zalunci ne. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa cika buhu fiye da kima lokacin saye shi ma tauyewa ne, ta ɗaya fuskar.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa albasa ba nauyi kawai ba ce. Akwai manya da ƙanana, akwai busasshiya da ɗanya, akwai wadda za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe a hanya. Haka ne. Amma awo bai hana tantance iri ba, sai ma ya sauƙaƙa shi. A ware ta daraja-daraja, kowace daraja da kuɗin kilonta. A yanzu ana cakuɗa tambayoyi biyu a ciniki ɗaya: nawa ce, kuma yaya kyanta? Sikeli yana amsa ta farko, ya bar wa ido da gwaninta ta biyu, inda suka fi amfani.

Akwai masu cewa ɗan kasuwa yana cika buhu ne domin ya rufe asarar hanya: ruɓewa, bushewa, kuɗin mota da ake biya bisa yawan buhu, da harajin shingaye. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin asarar gaskiya ce, kuma ɗan kasuwar albasa yakan karye kamar yadda manomi ke karyewa. Sai dai asarar da ke ɓoye a cikin tozon buhu babu mai iya lissafinta, balle a yi ciniki a kanta. Idan ɗan kasuwa yana bukatar rangwame saboda hanya, ya faɗe shi a farashin kilo, manomi ya ji, ya yarda ko ya ƙi. Mai yiwuwa kuɗin da zai shiga hannun manomi a ranar farko ba zai canza sosai ba. Abin da zai canza shi ne zai iya kwatanta tayin wannan da na wancan, da farashin Achida da na Illela da na Aliero, har da na Galmi a Nijar, da waya ɗaya. Farashin buhu ba ya kwatantuwa matuƙar buhunan ba ɗaya ba ne.

Akwai masu tsoron cewa sikeli zai kashe gyara, wato ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye don zumunci. Gyara tana da daɗi saboda kyauta ce, mai bayarwa ya san ya bayar, mai karɓa ya yi godiya. Masu sayar da nama da kilishi da kifi a birane da yawa sun koma kilo, kuma ba su daina jefa ƙarin yanka bayan allura ta tsaya ba. Ƙarin da aka ƙwata ta hanyar girman buhu kuwa, wanda mai kaya bai san yawansa ba, sunansa ba gyara ba.

Akwai kuma amfanin da manomi zai samu ko da bai je kasuwa ba. Masu ajiye albasa a rudu daga lokacin cira a bazara zuwa lokacin tsada sun san tana raguwa, amma kaɗan ne za su iya cewa da nawa. Wanda ya auna lokacin zubawa ya auna lokacin kwashewa zai san ko jiran ya biya shi ko kuwa tsadar da ya samu ba ta rufe abin da ya bushe da wanda ya ruɓe ba. Haka zai san ko takin da ya ƙara a bana ya ƙara masa amfani. Wannan shi ne ainihin abin da mai fiza yake samu daga sikelinsa: sanin inda dukiyarsa take zuwa.

Wa zai riƙe sikelin?

Doka tana nan. Nijeriya ta koma tsarin kilo da mita da lita tun shekarun 1970, kuma akwai sashen kula da ma'aunai a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, wanda aikinsa ne duba sikeli da famfon gidan mai. Sai dai Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin awo cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, alhali kafa kasuwanni da kula da su aikin ƙananan hukumomi ne. Tsakanin Abuja da rumfar albasa a ƙauye akwai tazarar da jami'in tarayya ba zai cike ta ba. Idan aka jira shi, za a daɗe.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙungiyoyin manoma da na masu ban ruwa, tare da sarakunan kasuwa da ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, su kafa sikelin dandali a kowace babbar kasuwar albasa. Sikelin ya zama mallakar ƙungiya, ba na dillali ko mai mota ba. Fuskarsa ta kalli jama'a. Mai awo ya karɓi ladan da aka yanka masa a kan kowane buhu, ba kaso daga cikin ciniki ba, domin kada ya samu dalilin karkata. A cire nauyin buhun kansa kamar yadda mai fiza ke cire na faranti. A ba manomi 'yar takarda mai lambar nauyi. A ajiye dutsen gwaji mai hatimi a wurin sarkin kasuwa, duk wanda ya yi shakka a ɗora a gabansa. Ko babu dutse, akwai gwajin da kowa zai iya: lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka jarkar da aka zuba wa lita 20 ya kamata ta ƙara kilo 20 a kan nauyinta na wofi.

Ba sai an tilasta wa kowa ba a farko. Ya isa a ce duk manomin da ya nemi a auna masa yana da wannan haƙƙi, kuma a riƙa shelar farashin kilo a ranar kasuwa tare da na buhu. Idan mutum biyu ko uku suka ga abin da buhunsu ya ɗauka, labari zai kai sauran ƙauyuka kafin kasuwa ta gaba. 'Yan kasuwa na gaskiya ma za su amfana, domin mai saye a Legas ko Akara zai iya yin oda ta waya da tan, ya san abin da zai sauka masa.

Duniya ta ɗauki awo da muhimmancin da ya sa daga 1889 har zuwa 2019 aka ajiye wani ɗan curin ƙarfe a kusa da birnin Faris a matsayin uban kilo, ana gwada na sauran ƙasashe da shi, kafin masana su maye gurbinsa da lissafin kimiyya. An yi duk wannan wahala ne domin kilon mai ƙarfi da kilon mai rauni su zama ɗaya. Mai gidan fiza ya ci moriyar wannan a kan giram goma na cuku. Manomin Kwargaba, da ke sayar da albasa mota guda, ya fi shi bukatar a auna masa.